Ruwan Kumadugu da ɗalibin da takardunsa suka jiƙe

A watan Oktoban 2019 wani ɗan ƙanwata ya kira ni daga Diffa, muryarsa tana rawa. Ruwa ya shiga ƙauyensu da dare, sun fita da abin da hannu ya iya ɗauka, kuma alhamdu lillahi ba a rasa rai ba a gidan. Amma akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gado ya kwana biyu cikin ruwa, a ciki kuwa akwai takardar haihuwarsa da ta shaidar ɗan ƙasa da sakamakon jarabawar bak da ya ci a wannan shekarar. Da aka buɗe akwatin, takardun sun manne da juna kamar ƙullun ƙosai. Ya ce da ni, "Kawu, yanzu me zan nuna musu?" Ban sami amsar da zan ba shi ba a ranar. A jami'ar da ya nufa, can nesa da gida, an ce masa ya koma ya nemo sababbin takardu, kuma kafin ya gama zirga-zirgar ofisoshi an rufe rajista. Shekara guda ta tafi a haka.

Tun daga lokacin nake juya wannan tambaya a raina: idan ruwa ko fari ya raba ɗalibi da gidansa ko da makarantarsa, wa ke da alhakin karɓarsa? Da na bi tarihin kwarin Kumadugu sai na ga ashe tsohuwar tambaya ce, kuma kakanninmu sun taɓa ba ta amsa irin tasu.

Sai mai karatu ya fahimci halin kogin kafin ya fahimci sauran zancen. Yawancin ruwan da ke cin gidaje a Diffa ba a Diffa ya sauka ba. Ruwan saman ƙasar Kano ne da Bauchi da tsaunukan Jos, wanda kogin Haɗeja da na Jama'are ke kwasowa, ya bazu a fadamun Haɗeja da Nguru, ya sake haɗuwa ya bi ta Gashuwa da Gaidam da Damasak, sannan ya zama iyaka tsakanin Nijar da Najeriya na kimanin kilomita 150 har ya faɗa tafkin Chadi a wajen Boso. Tafiya ce ta makonni. Shi ya sa baƙo ke mamaki: damina ta ɗauke, sama ta washe, an fara jin ƙamshin hunturu, sai a ce masa kogi na tasowa. A Oktoba da Nuwamba ruwan ke kai maƙura a Diffa, wato daidai lokacin da ake komawa makarantu. Idan rani ya yi nisa kuma, kogin nan da ya kori mutane sai ya ƙafe har yaro ya tsallaka shi da ƙafa.

A kan wannan hawa da sauka mutanen Mobar da sauran Barebari suka gina rayuwarsu: shinkafa, kamun kifi, da uwa uba jan tattasai, wanda ake busarwa a cika buhuna a kai kasuwannin Najeriya. Kuɗin tattasan nan ne ya biya wa yara da yawa kuɗin mota da na littafi. Saboda haka idan ruwa ya wuce ƙa'ida ya shanye gonaki, hasarar ɗalibi biyu ce, ga gida ya rushe, ga aljihun da ke ɗaukar nauyin karatunsa ya ɓule.

Kogin kuma ba shi kaɗai ke iko da kansa ba. A 1974 aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a jihar Kano, a 1992 aka ƙara ta Chalawa. Shekaru da dama kukan mutanen ƙasa-ƙasa shi ne an tare musu ruwa. Ƙasashen biyu ma sun sa hannu kan wata yarjejeniya a Maiduguri a 1990 game da raba ruwan kogunan da suka yi tarayya a kai, har da Kumadugu. Yanzu kukan ya juye, ruwan ne ya yi yawa. Abin da nake so a riƙe shi ne wannan: ambaliyar Diffa ba girgizar ƙasa ba ce da ke zuwa babu sallama. Wanda ya ga Haɗeja ta cika a Satumba ya san abin da ke tafe.

To mu koma baya. Ba nisa da wannan kogi, kusa da Gaidam, akwai kufan Birnin Gazargamu, wanda Mai Ali Gaji ya kafa wajen 1470. Sama da shekara 300 birnin ya yi yana zaman hedikwatar daular Barno, kuma sunan da ya yi a ƙasar Hausa na karatun Alƙur'ani ne. Har gobe idan Bahaushe ya ce yaro ya tafi gabas, ba sai ya ƙara bayani ba. Sarakunan Barno suna ba malamai wata takarda da ake kira mahram, wadda ke ɗauke musu haraji da aikin yaƙi, su kuma su zauna su koyar da duk wanda ya zo. Tun kafin Gazargamu ma, a ƙarni na 13, mutanen Kanem sun kafa makaranta da masauki a Alƙahira domin ɗalibansu da alhazansu, daga baya kuma aka san Barnawa da ɓangarensu na kwana a Azhar. Wato mutanen wannan yanki sun daɗe da sanin cewa ɗalibi baƙo yana bukatar abu biyu a lokaci guda, malami da wurin shimfiɗa tabarma.

A 1808 Gazargamu ta faɗi a yaƙin jihadi. Wannan ba bala'in ruwa ko fari ba ne, aikin ɗan Adam ne, amma abin da ya biyo baya shi ne ya shafe mu. Malamai da almajirai suka watse, karatun kuwa bai mutu ba. Shehu Laminu ya gina Kukawa a 1814, tsangayu suka sake tsayuwa a wurare dabam-dabam. Haka aka yi a yunwar 1913 zuwa 1914 da Hausawa ke kira Kakalaba, haka aka yi a farin 1973 da na 1984, lokacin da tafkin Chadi, wanda a shekarun 1960 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000, ya janye har Ngigmi da ke bakin ruwa ta wayi gari a kan tudu. Duk lokacin da ƙasa ta kori mutane, malami kan ɗaure littattafansa, almajirai su rataya allunansu, a nufi inda ake da hatsi.

Na daɗe ina tunanin dalilin da ya sa wannan tsari ya jure ƙaura, sai na ga sirrin a fili yake. Shaidar karatun almajiri a kansa take. Idan gardi ya iso sabuwar tsangaya, alaramma ba zai tambaye shi takardar haihuwa ba. Tambaya ɗaya ce: ina ka tsaya? Ya ce izu kaza, a ce to biya mu ji. Cikin rabin sa'a an san matsayinsa, gobe da asuba ya ɗora daga inda ya tsaya. Manhaja ɗaya ce daga Kukawa har Katsina, izu sittin ne ko'ina. Ba ina cewa rayuwar ta yi daɗi ba. Yunwa da bara da duka da mutuwar ƙananan yara a hanya duk suna cikin labarin, kuma wanda ya ɓoye su ya yi wa tarihi ƙarya. Amma a wannan fuska guda, ta karɓar wanda ya zo a jigace ba tare da an mayar da shi baya ba, tsangaya ta fi jami'ar zamani sauƙin hali.

Karatun boko ya zo da nasa sharuɗɗan: takarda, hatimi, ranar buɗe rajista da ranar rufewa. Ya kuma zo da harsuna biyu, domin Turawa sun mayar da kogin iyaka. Yaron da ke arewacin ruwa ya shiga lakwal ya koyi Faransanci, ɗan baffansa da ke kudanci ya shiga firamare ya koyi Ingilishi. Kanuri ɗaya suke ji a gida, Hausa ɗaya a kasuwa, amma takardar ɗaya ba ta da amfani a makarantar ɗayan sai an sha wahala.

Sai kuma nisa. A 1964 aka mayar da Diffa babban birnin yanki, amma jami'a ɗaya tal ƙasar ta samu a farkon shekarun 1970, a Yamai, fiye da kilomita 1,300 daga Diffa. Kusan shekara 40 duk ɗan Diffa ko Maine-Sorowa ko Ngigmi da ya ci bak sai ya ratsa ƙasar daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Alhali jami'ar Maiduguri, da aka kafa a 1975, ta fi Damagaram ma kusa da shi. A 2010 aka sami jami'o'in Maraɗi da Tawa da Damagaram, sannan a watan Agustan 2014 doka ta kafa wasu huɗu, a Agadas da Doso da Tilaberi da Diffa. Ta Diffa an ɗora ta a kan ilimin noma da muhalli, kuma a ganina an yi dabara, domin babu inda ya fi bukatar masana ƙasa da ruwa kamar wurin da hamada ke turowa daga arewa, kogi na turowa daga kudu. Wani abin da ba a cika lura da shi ba: shekara guda kafin nan, a 2013, Najeriya ta kafa jami'ar tarayya a Gashuwa. Jami'o'i biyu ke nan, sa'o'in juna, a bakin kogi guda.

Jami'ar Diffa ba ta sami yarinta ba. Wata shida bai cika da kafa ta ba, ranar 6 ga Fabrairun 2015, Boko Haram ta kai hari Boso da Diffa. Kafin nan, a Nuwamban 2014, Damasak ta faɗi, dubban mutane suka tsallako ruwa. Aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana hawa babur, aka hana cinikin tattasai da kifi na tsawon lokaci domin toshe wa mayaƙa hanyar kuɗi. A watan Mayu aka kwashe mutanen tsibiran tafkin Chadi, a Yunin 2016 aka sake afka wa Boso, jama'a suka yi jerin bukkoki a gefen babbar hanyar kwalta. Makarantu fiye da 100 na bakin kogi da tafki suka rufe, aka mayar da wasunsu wurare masu ɗan tsaro.

A cikin wannan hali ne aka gwada abin da ya fi kama da karɓar ɗalibai masu gudun hijira a Diffa. Hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya da abokan aikinta suka buɗe cibiyoyi inda yaran Najeriya da suka tsallako za su ci gaba da manhajar ƙasarsu da Ingilishi, har aka riƙa kai wasu Kano su zauna jarabawa. Akwai kuma tallafin DAFI, wanda Jamus ke ɗaukar nauyinsa tun 1992, mai biya wa 'yan gudun hijira karatun jami'a a ƙasashen da suka sauka. Aiki ne mai kyau, ban raina shi ba. Amma a lura da wanda ya shafa. Ɗan gudun hijira a dokar duniya shi ne wanda ya tsallake iyaka saboda yaƙi ko tsangwama. Wanda ruwa ya kora daga ƙauyensa zuwa tudun da ke bayan gari bai shiga wannan lissafi ba. Za a ba shi tanti da buhun shinkafa da gidan sauro, a rubuta sunansa cikin waɗanda ambaliya ta shafa, ba wanda zai tambaye shi aji nawa yake.

Ruwan kuwa bai jira yaƙi ya ƙare ba. An yi ambaliya a 2012. A Oktoban 2019, wadda ta ci takardun ɗan ƙanwata, an ƙiyasta mutum 23,000 sun bar gidajensu a jihar, da yawansu ma waɗanda tun farko rikici ya koro. A 2022 ruwan da ya yi ɓarna a Jigawa da Gashuwa ya iso, matasan Diffa suka kwana suna cika buhuna da yashi. Shekarar 2024 ta fi kowacce. A faɗin Nijar kusan mutum 400 suka rasu, fiye da miliyan ɗaya da rabi abin ya shafa, tsohon masallacin Damagaram ya rushe a farkon Satumba, gwamnati ta ɗage komawa makaranta daga 2 ga Oktoba zuwa 28 ga wata, domin azuzuwa da yawa sun lalace, wasu kuma mutane ne ke kwana a ciki. Ga makaranta ta karɓi waɗanda ruwa ya kora, amma a matsayin masauki, allo na jingine a bango.

A can kudu, ranar 10 ga Satumban 2024, madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri, irin wanda ba a gani ba tun 1994. (Alau ɗin nan ita ce wurin da ake cewa an binne Mai Idris Alauma, daga nan laƙabinsa ya samo asali. Tarihin Barno ba ya rabuwa da ruwa.) Asibitin koyarwa ya cika da ruwa, jami'ar Maiduguri ta dakatar da karatu. Ɗalibai suka watse, kowa ya nemi inda zai sa kansa har a sake kira.

A nan ne labarin wasu ƙasashe ke da amfani. Ranar 29 ga Agustan 2005 guguwar Katrina ta faɗa wa birnin New Orleans na Amurka, shingayen ruwa suka karye, mafi yawan birnin ya nutse, a daidai makon da ɗalibai ke dawowa hutu. Jami'ar Tulane, mai ɗalibai kusan 13,000, ta rufe zangon karatu ɗungurungum. Cikin kwanaki kaɗan ɗaruruwan jami'o'i a faɗin ƙasar suka buɗe ƙofa. Abin da ya fi burge ni shi ne ƙa'idar da ƙungiyoyin jami'o'in suka shimfiɗa: a karɓi ɗalibin a matsayin baƙo na zango guda, a lissafa masa abin da ya karanta, kuɗin makaranta kuma ya zauna a hannun jami'arsa ta asali. Sun gane cewa idan kowa ya kwashe ɗaliban ya riƙe, an ceci yara amma an kashe makarantar da ruwa ya ci. Da Tulane ta buɗe a Janairun 2006, fiye da kashi 90 cikin 100 na ɗalibanta sun dawo. Ba kowa ya tsira haka ba. Jami'ar Dillard, ta baƙar fata, wadda ba ta da dukiya irin ta Tulane, sai a wani otal ta ci gaba da darussa, kuma kusan rabin ɗalibanta ta rasa. Ko a can, ruwa ya fi cin mai ƙaramin ƙarfi. Bayan shekara 12, da guguwar Mariya ta ragargaza tsibirin Puerto Rico a 2017, Tulane ta rama alheri, ta karɓi ɗaliban can kyauta na zango guda bisa sharaɗin su biya kuɗin ga jami'o'insu na gida.

Wani zai ce ai wannan Amurka ce, masu kuɗi. To ga Senegal. Bayan girgizar ƙasar da ta rushe babban birnin Haiti ranar 12 ga Janairun 2010, har da gine-ginen jami'o'i, gwamnatin Abdoulaye Wade ta ɗauko ɗalibai 163 ta sauke su a Dakar a watan Oktoba, aka rarraba su a manyan makarantun ƙasar. An yi ta cewa akwai neman suna a ciki, kuma ban musa ba. Amma yaran sun zauna a aji. Najeriya ma, da yaƙi ya ɓarke a Sudan a 2023, hukumar JAMB ta fitar da hanyar da ɗaliban da aka kwaso za su bi su shiga jami'o'in gida. Ashe idan an ga dama ana iya lanƙwasa doka.

Abin da ke ba ni haushi shi ne kayan aikin suna nan a hannunmu. A Yamai aka haifi CAMES a 1968, hukumar da ke daidaita darajar takardun jami'o'in ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci. Jami'o'in Nijar duka suna bin tsarin LMD, wanda aka gina shi a kan cewa abin da ɗalibi ya ci a wannan jami'a ana iya ɗaukarsa a kai wata. A takarda, ɗalibin noma na Diffa zai iya yin zango guda a Maraɗi ko Yamai ko Tilaberi ya dawo bai yi hasarar komai ba. A zahiri kalandar jami'o'in ba ta tafiya tare, yajin aiki ya sa wata tana gaba wata tana baya, ɗakunan kwana sun cika sun batse, kuɗin tallafin ɗalibi kan makara. Tsallaka kogi zuwa Gashuwa ko Maiduguri kuwa ya ƙara wuya, ga harshe, ga tsaro, ga siyasa: an rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, sannan Nijar ta fice daga ECOWAS.

Ni ba na ganin sai an jira babbar yarjejeniya tsakanin ƙasashe. Shugabannin jami'o'in gwamnati na Nijar ba su da yawan da ɗaki guda zai kasa ɗaukarsu. Za su iya amincewa tun cikin rani, kafin ruwa ya taso, cewa duk ɗalibin da ya fito daga yankin da hukuma ta ayyana ambaliya ta shafa a yi masa rajistar wucin gadi, a ba shi wata uku ya kawo takardu. Sakamakon bak yana nan a ajiye a hukumar jarabawa, kwamfuta za ta tabbatar da shi cikin minti biyar. Alaramma da ba shi da kwamfuta ya iya gano matsayin baƙonsa kafin shayi ya huce. Na san akwai masu tsoron 'yan damfara za su fake da ruwa su shigo da ƙarya. Za a samu, ba shakka. Amma wanda ya yi ƙarya wata uku ne kawai zai ci, wanda aka kora da gaskiyarsa kuwa shekara ya rasa, idan mace ce ma sau da yawa karatun ke nan har abada, domin kafin shekara ta zagayo an ɗaura mata aure.

Ɗan ƙanwata dai ya koma a shekarar da ta biyo, ya kuma gama. A cikin abokansa uku da suka ci bak tare daga yankinsu, ɗaya ya tafi wajen haƙar zinariya a Jado bai sake waiwayar aji ba. Da na je Diffa bayan ruwan 2022 na tarar uwarsa ta sauya wa takardun gida wurin zama. Ta sa an lulluɓe kowacce da roba a shagon masu hoto, ta zuba su cikin wata jarkar mai da aka yanke wa baki aka ɗaure da leda, ta rataye a jikin azara, sama da inda ruwan 2019 ya bar alama a bango.